Yaron da Yake Karanta Hoto: Nazarin Lamari daga Wani Aji Biyu a Jigawa

Yaron, gidansu da ajinsu

Yaron da wannan rubutu ya shafa yana da shekara takwas lokacin da ya shiga aji biyu a wata firamaren gwamnati da ke wani ƙauye a jihar Jigawa. An sakaya sunansa da na ƙauyen. Abin da ke tafe ya fito ne daga bakin malamar ajin da kuma littafin da take rubuta ci gaban ɗalibanta a ciki.

Mahaifinsa manomi ne, yana kuma kiwon tumaki, da rani yana tafiya cirani. Mahaifiyarsa tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kakansa na wajen uba shi ne mai makarantar allon unguwar, a gabansa yaron yake ɗaukar karatu da asuba da kuma bayan magariba. A gidan akwai Alƙur'ani da littattafan fiƙihun kakan, amma babu littafi mai hoto ko guda. Hotunan da ya saba gani su ne na bayan manyan motoci, da fostocin 'yan siyasa, da abin da yayansa ke nuna masa a waya.

Ajin yana da yara sama da 80 da malama ɗaya. Littafin karatun Hausa kwafi 12 ne, ana raba su benci-benci idan lokacin darasi ya yi, a tattara idan an tashi. Tsarin kowane shafi iri ɗaya ne: babban hoto a sama, jimla ɗaya ko biyu a ƙasa, kuma jimlar tana faɗin ainihin abin da ke cikin hoton. Malama takan karanta, aji ya amsa baki ɗaya, a maimaita har sai kowa ya riƙe.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, don haka darasin Hausa ba baƙo ba ne a irin wannan makaranta. Sai dai gwajin karatun da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwa a Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Bayan haka ne aka samu shirye-shirye irin su Mu Karanta a waɗancan jihohin biyu da RANA a Katsina da Zamfara, masu fara koyarwa daga sautin harafi. Wannan makarantar ba ta cikin waɗanda irin wannan horo ya isa gare su a lokacin.

A aji ɗaya yaron ya zo na uku. Idan baƙo ya shigo aji, shi ake tasarwa ya yi karatu, saboda muryarsa a sake take, ba ya in'ina, ba ya tsayawa.

Oktoba: yadda aka gano

A mako na biyar na zangon farko malamar ta tsaya a kansa yana karanta wani shafi mai hoton kyanwa da kwano. Abin da aka rubuta shi ne "Kyanwa tana shan madara." Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko ya ce, "Mage tana shan madara." Ta ce ya sake. Ya sake faɗin mage, yatsansa na nan a kan kyanwa. A gidansu mage ake cewa.

Washegari ta yanko gutsattsarin kwali, ta rubuta kalmomi 20 daga cikin littafin, babu hoto. Ya karanta 2, baba da mama. Sauran ya yi ta kallonta yana jiran ta ba shi alama. Ta ɗauki kwalin da aka rubuta jaki ta aza a ƙarƙashin hoton doki, ya ce doki ba tare da ya ko kalli rubutun ba. Ya iya rera sunayen haruffa a jere kamar waƙa, ya iya "ba be bi bo bu" idan aka faro daga farko, amma da ta nuna masa "bo" shi kaɗai sai ya yi shiru.

Ta gwada sauran yaran da ake ganin sun fi iya karatu, ta tarar fiye da rabinsu haka suke. Bambancinsa da su kawai shi ne ya fi su kaifin ido da riƙe abu.

Nuwamba zuwa Disamba: an rufe hotuna

Wani abokin aikinta da ya taɓa zuwa bita ya ba ta shawara ta rufe hotunan. Shawarar tana da tushe. Wani masanin ilimin karatu a Amurka, S. Jay Samuels, ya nuna tun 1967 cewa yaran da aka koya wa kalma da hoto a gefe sukan fi faɗin ta daidai muddin hoton yana nan, amma da an ɗauke shi sai waɗanda aka koya wa babu hoto su wuce su. Ido yana zuwa inda amsa ta fi sauƙi.

Malamar ta yanki takardar buhun siminti ta liƙe hotunan kwafi huɗu. Mako biyu na farko kamar abin ya yi, don yaron ya ci gaba da karatu tiryan-tiryan. Ashe hadda ce: ya san jimlar da ke biye da kowace jimla. Da ta fara buɗe shafi daga tsakiya ba bisa jeri ba, sai ya tsaya cak. Yaran da a da suke kallonsa a matsayin gwani suka fara dariya. Wani malami da ya riƙe ajin rana ɗaya ya ɗauka taurin kai ne ya zane shi.

Ya tashi daga bencin gaba ya koma can baya. Lokacin ya zo daidai da girbin dawa da roron wake, kuma a shekarun baya shi ne mai kuka idan aka ce ya bar makaranta ya je gona. A wannan karon da kansa yake ɗaukar buhu. A rajistar Nuwamba ya yi fashin kwana 9. A ƙarshen zango aka sake ba shi kalmomin nan 20, ya karanta 3.

Janairu: kwalin littattafan kyauta

Da aka dawo hutu, wata ƙungiyar 'yan asalin yankin mazauna birni ta aiko wa makarantar kwali biyu na littattafan yara, na hannu ne daga ƙasashen Turai, duk da Turanci, masu launi da takarda mai sheƙi. Malamar ta ɓare takardun da ta liƙa, ta kuma ware rabin awa a kowace rana don yara su duba sababbin littattafan.

Abu na farko da ya faru shi ne yaron ya daina fashi. Duk sanyin hunturu yana cikin masu fara isowa, don wanda ya riga shi ne mai zaɓar littafi.

Abu na biyu shi ne malamar ta gano cewa shi kansa hoto karanta shi ake yi, kuma ana koyon hakan ne. An nuna masa tunkiyar Turai mai tarin gashi kamar auduga, yaron da ke kora tumaki kiwo kullum bai gane ta ba. Da aka ce masa tunkiya ce sai ya ce, "Malama, ina kunnenta?" Tumakin da ya sani su ne Balami mai dogon kunne da Uda mai gaba baƙi ko ja da baya fari, masu gajeren gashi kwance a jiki. Saniya ma ya yi gardama a kanta, saboda ba ta da tozo. Dusar ƙanƙara ya ce gari ne aka zubar. Wannan kam ana iya tsammani. Abin da malamar ba ta zata ba shi ne dabarun zane da mai zanen ya ɗauka kowa ya sani. A wani shafi an zana yarinya ɗaya sau uku don a nuna tana gudu daga ƙofa zuwa lambu, shi ya ƙirga yara uku masu kaya iri ɗaya. An zana mutum gefen shafi ya yanke shi a ƙugu, ya tambaya me ya sami ƙafafunsa. 'Yan layukan da ake ja a bayan mota don nuna gudu ya ce igiya ce aka ɗaura mata. Gajimaren da ake zanawa a saman kai don nuna tunani ya ce hayaƙi ne. Da zarar an yi masa bayani sau ɗaya yakan riƙe, har ya koya wa wasu, amma babu wanda ya taɓa yi masa bayanin kafin ranar.

Malamar ta gwada rubuta fassarar Hausa da biro a ƙarƙashin jimlolin Turancin. Bai kalli rubutun ba. Shafukan cike suke da abin kallo, tsuntsu a nan, agogo a can, ɓera a ƙarƙashin kujera, idonsa yana ta yawo. Yakan ƙirƙiri labarinsa daga hoton, wani lokaci ma ya fi na littafin daɗi. A ƙarshen Janairu kalmomin kwali suna nan a 3.

Farkon Fabrairu: maganar kakansa

Ran nan ya ɓoye littafi ɗaya a riga ya kai gida. A ciki akwai alade sanye da wando yana cin abinci a tebur, da kare kwance a gadon yaro. Kakan ya karɓe littafin, ya aiko a gaya wa hedimasta cewa kada a sake ba jikansa littafi mai hoto.

Hedimasta da malamar suka je zaurensa bayan la'asar. Sun tafi da shirin kare halaccin hoto, sai suka tarar ya fi su sanin mas'alar. Shi ya kawo hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura, shi ya kuma kawo cewa malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura cikakkiya mai inuwa, wato mutum-mutumi, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda ba su kai shi ga haramci ba. Ya ambaci 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da take wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Abin da ya dame shi daban ne: ba ya son a saba wa yaro da alade a matsayin aboki, kuma ya lura tun da littattafan suka zo hankalin yaron ya rabu a kan allo.

Malamar ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni damuwata ita ce har yanzu bai iya haɗa harafi biyu ba."

Sai tsohon ya aika aka kira yaron, ya ɗauko allon wani almajiri da ke gaba da shi, mai ɗauke da ayoyin da ba a taɓa biya masa ba, ya ce ya karanta. Yaron ya bi harafi da wasalinsa a hankali, yana tuntuɓe yana gyarawa, har ya kai ƙarshen layi. Ya riga ya wuce babbaƙu da farfaru tun bara.

"'Yata," in ji kakan, "kan yaron nan lafiya lau yake. Mu ma da ka muke fara biya musu, amma ba ma cewa yaro ya iya karatu sai ya san baƙi da wasali. Ku kuma kun ajiye masa amsa a saman shafi, don me zai wahalar da kansa da na ƙasa?"

Aka rabu a kan sharaɗi biyu. Duk abin da za a ba yaron ya kai gida sai kakan ya fara gani, kuma ba za a hana shi hoto ba.

Tsakiyar Fabrairu zuwa Afrilu: an raba aikin kashi biyu

Daga nan malamar ta daina tambayar ko a bar hoto ko a cire shi. Ta raba karatun kashi biyu, kowanne da inda hoto yake zama.

Kashi na farko minti 20 ne a kowace rana, lokacin tara, a ƙarƙashin darbejiyar bakin aji, da yara tara da suka haɗa da shi. Ta fara da sautin haruffa kaɗan, a, i, k, m, n, s, aka haɗa su gaɓa-gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma: kaka, nama, masa, sama. Ta yi amfani da abin da ya riga ya sani, ta ce masa baƙi ne da wasali kamar na allo, sai dai nan wasalin yana zama a gefe ba a sama ko ƙasa ba, kuma daga hagu ake farawa. A cikin kwana uku ya kama abin da ya gagara tun aji ɗaya. Rubutun boko na Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska, wasula biyar ne, kuma harafi ba ya yawan sauya sauti. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su sh da ts da ky da gw, ta bar su sai daga baya.

Sannan ta yi 'yan katuna. A fuskar kati jimla ce kawai, hoton yana baya. Ƙa'idar ita ce yaro ya karanta, ya faɗi abin da yake tsammanin zai gani, sannan ya juya. Idan hoton ya yi daidai da abin da ya faɗa, ya ci. Ta riƙa saka jimlolin da ba za a iya cinka ba, kamar "Akuya tana kan keke," don kada sabo ya ba shi amsa. Waɗannan su yaran suka fi so, har faɗa suke yi a kan wanda zai juya.

A nan hoton ya yi wani aiki da rubutun Hausa yake buƙata ƙwarai. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka yaro yana iya haɗa haruffan "gari" ko "kuka" daidai amma bai san wanne ake nufi ba. Ta kan sa su faɗi duka ma'anonin, su zaɓi wadda ta dace da jimlar, hoton baya ya raba gardama.

An samu cikas biyu. A mako na uku ta kama shi yana ɗaga takardar sama yana hango zanen ta hasken rana, dole ta koma amfani da kwali mai kauri. Na biyu ya fi nauyi. Mahaifinsa ya dawo daga cirani ya saurari karatun ɗansa, ya zo makaranta ransa a ɓace. "Malama, yaron da na bari yana karatu kamar rediyo, yanzu na dawo na tarar yana in'ina." Ta miƙa wa uban biro ta ce ya faɗi kowace kalma yake so, za ta rubuta a gabansa. Ya ce taki. Ta rubuta, aka kira yaron daga waje, ya duba ya ce, "Ta… ki. Taki." Uban ya sake ba da kalma biyu, yaron ya kawo ɗaya ya kasa ɗaya. Bai ce ya gamsu ba, amma bai sake zuwa da ƙorafi ba.

Kashi na biyu na dukan aji ne, sau biyu a mako. A nan malama ce take karanta labari da babbar murya, yara ba sa karanta komai, kuma hoto ne a gaba. Takan ɗaga shi ta tambaya: wa kuka gani, me yake riƙe da shi, me kuke jin zai faru, me ya sa fuskarta ta yi haka? Wasu labaran tatsuniyoyin gida ne na Gizo da Ƙoƙi da kura. Wasu ta sauko da su a waya daga shafukan intanet na African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, duka biyun kyauta ne kuma akwai labaran Hausa a ciki. Bugun launi ya fi ƙarfin aljihunta, da ta buga baƙi da fari kuma sai fuskokin yaran cikin hoton suka dunƙule suka zama baƙin tabo, ba ido ba baki. Daga nan ta riƙa zaɓar masu zanen layi zalla.

Ta kuma koyi naɗe littafi ta yadda shafi ɗaya kaɗai yara za su gani. Ita ta gano hakan ne da gwaji, amma akwai bincike a kai: Zoe Flack da Jessica Horst na Jami'ar Sussex a Ingila sun nuna a 2017 cewa yara 'yan shekara uku sun koyi sababbin kalmomi ninki biyu idan hoto ɗaya suke gani a lokaci guda maimakon biyu, kuma idan mai karantawa ya nuna da hannu shafin da yake kai, giɓin yana rufewa. Littattafan kyautar ma a nan suka samu gurbi. Takan zaɓi shafi ɗaya, a yi hirar ƙasar da ruwa ke daskarewa ya zubo fari, a gwada tunkiyarsu da tamu. Na aladen ta ajiye a ofis.

A ƙarshen zango na biyu ya karanta 14 daga cikin kalmomi 20. Fashinsa a zangon kwana 2 ne.

Mayu zuwa Yuli: wa zai zana?

Malamar ba ta iya zane ba, akuyarta da karenta sai ita ke bambanta su, kuma hoton da ba a gane shi ba ba ya tabbatar wa yaro komai. Hedimasta ya kai maganar ga kwamitin kula da makaranta, aka amince a biya wani mai zanen allunan shaguna da bayan motoci da ke garin da ake cin kasuwa ya yi katuna 30.

Na farkon da ya kawo sun yi kyau matuƙa, kuma ba su yi amfani ba. Ya yi musu ado irin na bayan mota: furanni a gefe, tsuntsaye a sama, rana tana faɗuwa a baya. Jimlar ta ce "Rago yana cin dusa," yaran suka juya suka kama gardamar ko tsuntsun shaho ne ko shirwa. Aka roƙe shi ya cire duk abin da jimlar ba ta ambata ba. Ya ji nauyin hakan, don a ganinsa aikin ya zama tsirara, amma ya yi. Masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun wallafa irin wannan sakamako a 2020: da suka rage tarkacen da ba su shafi labari ba daga hotunan wani littafin masu koyo, idon yaran ya fi zama a kan rubutu, fahimtarsu ta ƙaru.

Abin da mai zanen ya kawo wanda babu littafin waje da zai kawo shi ne sanin gari. Randarsa randa ce, rumbunsa na ƙasa ne mai hular ciyawa, matar da ke daka ta riƙe taɓarya yadda ake riƙe ta, saniyarsa da tozonta.

A watan Yuni malamar ta juya wasan. Ta ba yaran katin da bayansa fari ne, ta ce su karanta su zana da kansu. Wannan ya zama gwajin fahimta mafi sauƙi da ta samu, don wanda bai gane jimla ba ba zai iya ɓoyewa ba. An ba yaron "Rago biyu suna karo a bakin rijiya." Ya zana su, ɗaya Uda ne, ya cike gabansa da fensir ya bar bayansa fari. Kakan ya duba ya mayar masa bai ce komai ba, wanda a wajensa izini ne.

Ƙarshen Yuli: inda aka tsaya

A makon jarrabawa aka ba shi sababbin kalmomi 20 da bai taɓa gani a kati ba, ya karanta 17. Aka ba shi ƙirƙirarrun kalmomi marasa ma'ana, irin su "mifo" da "neku", waɗanda hadda ko cinke ba za su taimaka a kansu ba, ya karanta 8 cikin 10. Ya karanta ɗan labari mai kalma 40 babu hoto a cikin kusan minti biyu, ya amsa tambaya 4 cikin 5. Har yanzu a hankali yake tafiya, kuma a rubutu yana mance lanƙwasar ƙ da ɗ.

Cikin yara taran, shida sun kai kusa da wannan matsayi. Biyu sun bar makarantar kafin ƙarshen shekara. Ɗaya ba ta motsa ba, daga baya aka lura tana matso da kati dab da fuskarta, aka shawarci iyayenta su kai ta a duba idonta.

Abin da nake gani

Hoto bai hana yaron nan karatu ba. Abin da ya hana shi shi ne ba a koya masa sautin harafi ba, sannan aka ba shi shafin da hotonsa yake faɗin duk abin da rubutun ya faɗa. Yaro mai wayo zai bi hanya mafi kusa, kuma an yi shekara guda ana tafa masa a kan haka. Bincike da na'urar bin motsin ido da Mary Ann Evans da Jean Saint-Aubin suka yi a Kanada a 2005 ya nuna ƙananan yara kusan ba sa kallon rubutu idan ana karanta musu littafi mai hoto. Don haka duk wanda yake zaton yaro zai tsinci karatu don kawai yana zaune gaban shafi, yana jiran abin da ba zai zo ba.

Rufe hotunan ya gaza ne saboda an ƙwace masa abin da yake dogara da shi ba a ba shi madadinsa ba, aka kuma yi hakan a gaban aji. Wannan shi ne matakin da ya fi yi masa illa, kuma saura ƙiris ya raba shi da makaranta. Littattafan kyautar sun gaza koya masa karatu, amma ba zan yarda a ce ba su yi komai ba. Su suka dawo da shi aji a tsakiyar sanyi, kuma babu dabarar koyarwa da za ta yi aiki a kan yaron da ke gona.

Abin da ya yi aiki shi ne sauya wa hoton wuri da lokaci. Idan yaro ne yake fama da haɗa haruffa, hoto ya jira a baya, ya zo ya tabbatar. Idan babba ne yake karantawa, hoto ya shige gaba, don a nan ne yake kawo sababbin kalmomi, yake koya wa yaro lura da fuska da dalili da abin da zai biyo baya. Littafi ɗaya da wuya ya yi duka ayyukan biyu, kuma littafin ajin ya yi ƙoƙarin yin hakan ne ya rasa duka. Ina kuma ganin ba a ba makarantar allo haƙƙinta a irin wannan magana. Yara da yawa a ƙasar Hausa suna shiga aji ɗaya da sanin cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti, amma malamin boko ba ya tambaya, sai ya faro kamar yaron bai taɓa ganin rubutu ba. A wannan lamarin wata huɗu aka yi ana lalube kafin a je zauren da amsar take.

Akwai nauyi a kan masu wallafa littattafan Hausa. Kasuwar littafi ta Kano cike take da labaran manya, amma littafin yara mai zanen gida, wanda aka yi tunanin inda hoto zai zauna a shafi, sai an tona. Sau da yawa zane shi ne abu na ƙarshe da ake tunawa, a kwaso daga intanet a manna, ko a ba wani ya yi cikin gaggawa ba a ko rubuta sunansa ba. Masu zane muna da su a kowane gari, suna fentin shaguna da motoci. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zaunar da su da malamin aji ya ce musu ga abin da yaro ɗan shekara bakwai yake buƙatar gani, ga abin da zai ɗauke masa hankali, kuma a biya su.

A Satumba yaron ya wuce aji uku wajen wani malami. Kwafi 12 ɗin nan suna nan ana amfani da su a aji biyu, sai dai yanzu malamar ba ta raba su sai bayan mako shida na sauti da gaɓa, kuma yaro yana aza tafin hannunsa a kan hoton da kansa, ya ɗage bayan ya gama jimlar. Katunan 30 sun fara yagewa saboda damina da yawan hannu. Kwamitin makarantar ya amince a saka su a leda, a kuma biya mai zanen ya yi wasu 30 don aji ɗaya.